Kafin ka sayi sabon batir ko kik: yadda ake gano inda wuta ke zubewa a hanyar tada mota

Abu ne da aka saba gani da sassafe a tashar mota, ko a Jega ko a Birnin Kebbi. An cika Sharon da fasinja, direba ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau biyu a kasalance ya yi tsit. Sai a ɗaga bonet, wani ya ɗauki dutse ya bubbuga kan batir, wani ya zura sufana ya ƙwanƙwasa kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, in abin ya ƙi ci a kira yaran tasha su tura. Da yamma motar tana gareji, direba yana rantsuwa: "Oga, batir sabo na, wancan sati nis saye shi." Gaskiyarsa kuwa. Sau da yawa batir lafiyarsa lau, kik ma haka. Wutar ce take baro batir da ƙarfinta, amma kafin ta isa kik wani kaso ya zube a hanya, a wani mahaɗi da ya yi tsatsa, ko wayar da ta ruɓe daga ciki, ko notin da ya saki. Ana gano wurin da mitar auna wuta cikin minti goma, ba tare da an kwance komai ba, muddin an san lokacin da ake aunawa da wurin da ake ɗora tsinken mita.

Dalilin da ya sa mita take yaudarar mutane

Yawancin masu gyaran wayar mota sukan juya mita zuwa wurin auna turjiya, wato cikas ɗin da waya ke yi wa wuta, wanda ake aunawa da om, su ɗora tsinke ɗaya a wannan bakin waya, ɗaya a wancan, mita ta yi ƙara ko ta nuna sifili, su ce waya ƙalau take. Wasu kuma ƙwan gwaji suke amfani da shi, da ya kama shi ke nan. Duka biyun ba sa faɗin gaskiya a kan babbar wayar kik. Mita tana aika wuta 'yar mitsitsiya ce don ta auna. Ko da silin waya ɗaya tak ya rage cikin ɗaruruwan da aka murɗa, wannan 'yar wutar za ta wuce sumul. Shi kuwa kik na ƙaramar mota mai silinda huɗu yana jan amfiya 120 zuwa 200 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), na dizal irin Hilux kan haura 300. Sili ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Argungu ya san misalin. Tiyon da ya lanƙwashe a tsakiya, in ka zuba masa ruwa da moɗa zai fita ta ɗaya bakin, ka ce ba shi da matsala. Sai ka tada injin ban-ruwa sannan ka ga bayan lanƙwasar ya kumbura, gabanta kuma ruwa na ɗiga kawai. Haka waya take. Ba ta nuna cutarta sai an ɗora mata kaya.

Lissafin a fili yake, shi ne wanda Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar a 1827: bolt ɗin da ya zube, wato ƙarfin da ke tura wuta, daidai yake da yawan amfiya sau yawan turjiya. Ɗauki turjiyar om 0.01, wadda mitar kasuwa ba za ta ma iya gani ba, domin wayoyin tsinkenta kaɗai sun fi haka. Ka ninka ta da amfiya 200, ka sami bolt 2. Batir da ke ba da bolt 10.5 lokacin tada inji, kik zai sami 8.5 ke nan. Waɗannan bolt 2 kuma ba iska suka bi ba, zafi suka koma, wat 400 a wuri ɗaya da bai fi kan ɗan yatsa ba. Shi ya sa kan batir mai datti yake zafi har ya yi hayaƙi.

Saboda haka ba turjiyar ake aunawa kai tsaye ba. Ana auna bambancin bolt tsakanin wurare biyu na hanya ɗaya daidai lokacin da kik yake juyawa. In hanya tana da kyau, bambancin kusan sifili ne. In akwai cikas tsakanin tsinkayen biyu, mita za ta nuna yawan abin da ya zube a nan.

Kayan aiki da shiri

Mita mai lambobi ta isa, ko ta araha ce, in dai batirin cikinta bai mutu ba. Juya ta zuwa V mai miƙaƙƙen layi a kai, a lamba 20. In ka zo auna ƙananan zubewa kana iya sauka zuwa 2 don ka ga lambobi dalla-dalla, amma ka fara da 20. Wadda take da maɓallin MIN/MAX ta fi, domin tana riƙe maka lambar da ta gani ko da ba ka kallo. Ka tanadi doguwar waya mai maƙali irin na bakin kada a kowane gefe, kamar mita biyu tsawonta. Siririya ma ta yi, tunda mita ba ta jan wutar a-zo-a-gani. Sai buroshin ƙarfe, sampefa, sufana 10, 12 da 13, da yaro ɗaya da zai zauna a mota yana murɗa makulli in ka ce masa.

Dole inji ya yi ta juyawa ba tare da ya tashi ba, in ba haka ba lambar za ta gilma kafin ka karanta. A motar fetur cire fis ko rile na famfon mai; rile ɗan makunni ne da wuta ke kunnawa. Inji kan iya kamawa na daƙiƙa ɗaya ko biyu da ragowar man da ke cikin bututu, sannan ya mutu, wannan ba komai. A tsohon dizal mai famfon inji, zare wayar da ke kan famfon wadda ke buɗe hanyar mai. Giya a firi ko a P, birkin hannu a ja, a sa dutse a taya. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, kuma a bar kik ya huta minti ɗaya ko biyu kafin a sake. Daƙiƙa biyar ma sun isa karatu ɗaya.

Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu. Babban notin kik yana da wuta kullum, ko makulli na aljihu, kuma a motoci da yawa babu fis tsakaninsa da batir. Zobe ko sufana ta haɗa shi da jikin inji, ƙarfen zai yi ja kafin ka fizge hannu. Naɗe hannun riga saboda fanka da bel. Ba a shan taba a kan batir, iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. In sai an shiga ƙarƙashin mota, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba.

Fara da batir

Gwajin ba shi da amfani da mataccen batir. In motar ba ta daɗe da tsayawa ba ko an sauke batir daga caji, kunna manyan fitilu kamar minti ɗaya, kashe, jira minti biyu, sannan ka auna. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya kai kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne. Ƙasa da 12.4 a yi caji tukuna.

Ga wurin da da yawa suke kuskure: tsinken mita a kan sandar darma ta batir ake ɗora shi, ba a kan maƙalin da ya rungume ta ba. Tsakanin sanda da maƙali shi ne wurin da ya fi kowane yawan laifi, in ka ɗora tsinke a maƙali ka tsallake shi ke nan. Soka tsinken ya ɗan nutse cikin darmar, ta yi laushi.

Ce wa yaro ya murɗa. Batir mai lafiya ba ya sauka ƙasa da bolt 9.6 yayin da inji ke juyawa, yawanci ma tsakanin 10 da 11 yake tsayawa. Rubuta lambar. Yanzu kai jan tsinke kan babban notin kik, baƙin kuma a jikin kik ɗin kansa, wurin da ka kankare har ƙarfe ya fito. A sake murɗawa. In batir ya nuna 10.4, nan kuma 10.0, hanyarka lafiya take, ka nemi laifi a wani wuri. In nan ya nuna 8.9, bolt ɗaya da rabi sun ɓata, kuma aikin da ya rage shi ne gano inda suka shiga.

Raba hanyar gida biyu

Wuta tana fita ta jar waya daga sandar da ke da alamar tarawa, ta shiga kik, ta dawo ta jikin inji da wayar at, wato wadda ke haɗa inji da bodi da batir, zuwa sandar da ke da alamar ɗebewa. Kowane gefe a auna shi daban.

Gefen tafiya: jan tsinke a sandar tarawa, baƙi a kan babban notin kik, wanda Toyota da motocin Jamus ke kira lamba 30. A kan dunƙulen notin da ya fito daga kik, ba a kan zoben waya ba. Kafin a murɗa makulli mita za ta nuna sifili, kuma wannan sifilin ba ya nufin komai, tunda babu wutar da ke tafiya. A murɗa. Abin da ake so shi ne bolt 0.2 zuwa 0.3. Ya wuce 0.5, akwai matsala.

Gefen dawowa: jan tsinke a jikin kik, baƙi a sandar ɗebewa. A murɗa. Nan 0.2 ake nema, 0.3 shi ne iyaka. In mita ta nuna alamar ɗebewa a gaban lamba, tsinkayen ne ka juya, lambar daidai take, ci gaba da aikinka.

Littattafan kamfanoni suna ɗan bambanta a waɗannan iyakoki, kuma motar da batirinta ke but ko ƙarƙashin kujera tana da doguwar waya, don haka ana yi mata ɗan sassauci. Amma wannan ba ya hana aiki, domin hanyar da ta lalace ba ta tsayawa a 0.35 ta bar ka cikin shakka. Yawanci 0.8 za ka gani, ko 1.2, ko 2. A manyan motoci masu bolt 24 ana ninka iyakar kusan sau biyu, kuma a nan kada a manta da gajeriyar wayar da ta haɗa batir biyu, tana da baki biyu da kowanne zai iya ruɓewa.

Bin sawu gaɓa-gaɓa

A ce gefen tafiya ya ba da 0.3, na dawowa ya ba da 1.2. To ka bar jar waya ta huta. Bar baƙin tsinke a sandar ɗebewa, ka riƙa matsar da jan daga kusa zuwa nesa, kowane mataki a murɗa makulli.

Mataki na farko, maƙalin batir. Tsinkayen biyu kusan suna taɓa juna, ɗaya a sanda ɗaya a maƙali. Ya kamata ka ga sifili ko kusa da shi, kada ya wuce 0.1. Na biyu, silin wayar da ke shiga maƙalin, in ana ganinsa. Na uku, zoben da ke ƙarshen wayar. Na huɗu, jikin mota kusa da notin da ya ɗaure zoben. Na biyar, jikin inji. Na shida, jikin kik. Lambar za ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan, 0.03, 0.05, 0.15, 0.2, sai a wani mataki ta yi tsalle zuwa 1.1. Laifin yana tsakanin inda ka ga 0.2 da inda ka ga 1.1. A wannan misalin, tsakanin bodi da inji ke nan, wato wayar at ta inji. Don ka tabbatar, ɗora tsinkayen biyu a gefe da gefen wannan gaɓar kaɗai. Mahaɗi ɗaya bai kamata ya ci fiye da 0.1 ba, waya ɗaya daga baki zuwa baki 0.2.

Gefen dawowa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne marayan da ba a dubawa. Kowa idonsa na kan jar waya. Amma duk amfiyar da ta tafi sai ta dawo, kuma inji yana zaune ne a kan roba, ba shi da hanyar komawa batir sai ta wayar at. Abubuwa huɗu ke kashe ta a nan yankin. Na ɗaya, sauke inji ko giyabos: an gama aiki da almuru, an manta da kitsattsiyar wayar tana lilo, ko an ɗaura ta da yatsa ba a bi da sufana ba. Na biyu, fenti. Motar da ta fito daga wurin masu gyaran bodi, an feshe wurin da zoben ke kwanciya, an mayar da shi a kan fenti, sai haƙoran noti kaɗai ke ɗaukar wuta. Na uku, ruwa da taɓo na damina, musamman motocin da ke shiga fadama ɗaukar shinkafa ko suke ratsa mashigi, tsatsa ta shiga ƙarƙashin zobe alhali samansa fes. Na huɗu, girgizar hanya, wadda ke tsinka silin kitson ɗaya bayan ɗaya a daidai inda ya shiga zobe.

In wayar at ta mutu, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanya. Takan bi wayar totur, ko ta kuloci, ko ta giya, ko siraran wayoyin at na na'urorin inji. Duk motar da wayar toturinta ke tauri ko robarta ta narke ba dalili, a auna gefen dawowa kafin a sa sabuwa. A sabbin motoci abin ya fi tsada, domin siraran wayoyin suna da alaƙa da kwamfutar inji.

Akwai gaɓa ta ƙarshe da ake mantawa: kik ba shi da wayar at tasa, ta fuskarsa da ke manne da giyabos yake mayar da wuta. In notocinsa sun saki, ko baƙin mai da ƙura sun yi kauri a tsakani, ko an yi wa kik fenti har fuskar bayan gyara, za ka ga zubewa tsakanin jikin kik da jikin inji.

Gefen tafiya ma haka ake bin sa: jan tsinke ya zauna a sandar tarawa, baƙi ya yi ta gaba, maƙali, duk wani akwatin fis ko mahaɗi da ke hanya, zoben ƙarshe, sannan noti. Wayar da ta yi kyau a ido tana iya zama gari a ciki. Ruwan batir yana bin sili ya shige ƙarƙashin roba kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Alamarsa, robar ta kumbura kusa da maƙali, ko wayar ta yi tauri tana ƙaras-ƙaras in ka lanƙwasa. Tsaga robar kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, in ka ga kore ko farin gari maimakon jan ƙarfe mai sheƙi, wayar ta gama aiki.

Bayan an juya inji daƙiƙa goma, bi mahaɗan da bayan yatsa a hankali. Wanda ya fi sauran ɗumi shi ne mai laifi. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai ba ta maye gurbin mita, ga shi da rana a watan Afrilu komai na cikin bonet zafi gare shi.

Solonoyid da ƙaramar waya

A kan kik akwai ɗan gwangwanin nan, solonoyid, mai manyan notoci biyu da ƙaramin baki ɗaya. Noti ɗaya daga batir yake, ɗayan yana da gajeriyar waya da ke shiga cikin kik. A ciki akwai farantin jan ƙarfe da ke haɗa su biyun in an murɗa makulli. Kowace tadawa tana ɗan ƙona shi, har ya cinye.

Ɗora tsinke ɗaya a kowane babban noti. Kafin a murɗa, mita za ta nuna cikakken bolt na batir, domin farantin bai haɗa su ba tukuna. Da an murɗa ya kamata lambar ta faɗo ƙasa da 0.3. In ta tsaya a 0.8 ko 1, farantin ya ƙone. In an ji ƙas guda ɗaya amma lambar ta tsaya a wajen 12, bai haɗa ba sam. A kik irin na Denso da ke kan Toyota da yawa, ana canja 'yan jan ƙarfen nan biyu da sandar tsakiya kawai, ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba. In kuwa lambar ta faɗo sifili, wuta ta isa noti na biyu, amma kik bai motsa ba, to laifin na ciki ne: ko amica, wato dunƙulen da ke juyawa a cikin kik, ko buroshin da ke ba ta wuta.

Ƙaramin bakin shi ne lamba 50. Wutarsa ta fito daga batir, ta bi fis, ta bi makulli, ta bi makunnin giya a mota mai otomatik ko na kuloci a wasu masu giyar hannu, waɗanda aikinsu hana mota tashi tana cikin giya, ta bi rile, sannan ta iso. Amfiyar ba ta kai ta babbar waya ba, amma lokacin da solonoyid ke fizgar sandarsa yana jan gomman amfiya na ɗan lokaci, kuma siririyar waya ce mai mahaɗai barkatai. Jan tsinke a sandar tarawa, baƙi a lamba 50, wayar tana jone a wurinta. Kada ka zare soket ka auna shi a iska, zai nuna maka 12 ko da sili ɗaya ne ya rage. A murɗa. Rabin bolt ba laifi, in ya haura bolt 1 a bi sawu: kafin rile da bayansa, kafin makulli da bayansa, kafin makunnin giya da bayansa. Motar da ke tashi a N ta ƙi tashi a P ta riga ta nuna maka makunnin giya da yatsa.

Wani abu da ke rikita mutane: ɗaya daga naɗin wayar solonoyid yana samun at ne ta cikin buroshin kik. In buroshi ya cinye, za ka ga wuta ta iso lamba 50 cikakkiya, amma ko ƙas ba za a ji ba. Wannan ne kik ɗin da ke tashi in an buge shi da sufana. A daina bugun, domin ƙananan kik na zamani maganaɗisu ne a cikinsu, yana fashewa.

Mutane da yawa in makulli ya gaji sai su ja waya daga batir su sa maɓalli a gaban direba. Motar za ta tashi, amma an tsallake makunnin giya, za ta iya tashi tana cikin giya da yaro a gabanta. In makullin ne ke zubar da wuta kuma babu sabo, ƙara rile kusa da kik shi ne gyaran da ya dace, tsohuwar wayar ta koma kunna rilen kawai.

In duk hanyoyin sun fito lafiya

Zubewa kaɗan a ko'ina, amma batir na faɗuwa ƙasa da 9.6 kuma inji na jan ƙafa: ko batir ya gaji, ko kik na jan wuta fiye da ƙima, ko inji ne ya yi nauyi. Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40 a Gusau da Birnin Kebbi, shi ke cin batir daga ciki yana ƙafar da ruwansa, sanyin safiyar hunturu kuma ya tona asirin. Gwada da wani batir da ka tabbatar da lafiyarsa, ka ɗaura shi sosai, ba da wayar jona ta kasuwa ba. In shi ma ya durƙushe, sa mita mai baki da ake maƙalawa a waya ka ga amfiya. A lura, da yawa daga masu arha wutar gida kawai suke aunawa, ba sa ganin ta batir. Ƙaramar motar fetur da ke jan 300 ko fiye, bushin kik ya ci har amica na gogar jiki, ko naɗin ya haɗe. A irin wannan hali zubewar kowace gaɓa takan ɗan ɗaga gaba ɗaya, ba tare da wata ta yi tsalle ba, domin kayan ne ya yi yawa, ba hanyar ce ta lalace ba. Kafin a yanke wa kik hukunci, sa sufana a notin fulin inji ka juya da hannu. Motar da ta sha ruwa a mashigi tana iya samun ruwa a silinda, kuma matsa mata da kik zai lanƙwasa sandar fistin.

Motar da ke tashi da safe ta ƙi tashi bayan doguwar tafiya, a auna ta da zafinta. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, mahaɗin da ya saki kuma yana ƙara buɗewa. In ka jira ta huce, lambobin za su fito lafiya ka sallami direba da matsalarsa.

Gyara

Cire maƙalin ɗebewa da farko, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Wanke farin garin da ruwan ɗumi da aka jiƙa ɗan bakin soda a ciki, ruwan kanwa ma yana kashe kaifin ruwan batir, amma kada ko ɗigo ya shiga ramukan batir. Ɗauraye, busar. Goge sanda da cikin maƙali har su yi sheƙi. Cikin maƙali ne ke aiki, ba bayansa ba. A wurin at, kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe faɗin zoben, ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama. Bayan ɗauri ake shafawa, don ya hana iska da ruwa shiga.

Maƙalin da ke juyawa da hannu bayan an ɗaure shi ya buɗe, a canja shi. Cusa ƙusa ko sukuru ko guntun gwangwani a tsakani yana mayar da faɗin rungumar ya koma ɗigo biyu, amfiya 200 kuma ta bi ta nan. Bugun dutse yana tsaga gindin sandar, ruwan batir ya riƙa tsattsafowa, garin ya dawo cikin sati biyu. A kuma duba girman sanda: ta tarawa ta fi ta ɗebewa kauri, sannan wasu ƙananan batura na motocin Japan siraran sanduna gare su, maƙalin motar Turai ba zai kama su ba sai da zoben darma da aka yi don haka.

Wurin sayen waya a duba kaurin ƙarfen, ba na roba ba. Ƙaramar mota tana son waya mai lamba 25, dizal 35 ko sama; lambar kaurin ƙarfen take nunawa. Wayar jan ƙarfe mai lamba 25 mai tsawon mita ɗaya tana zubar da kimanin bolt 0.14 a amfiya 200, ka ga in aka rage kauri da rabi an ninka wannan. Kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago. In ƙarƙashin jan fari ne, alminiyam ne aka yi wa riga, wanda ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, kuma ba ya jure ruwan batir. Zoben baki a matse shi da abin matsa waya ko a cika shi da darma, ba a daddaƙe shi da guduma a kan dutse ba.

Bayan gyara a maimaita awon nan biyu na farko, tafiya da dawowa, kafin a mayar da fis ɗin mai. Sau da yawa in an kawar da babban cikas amfiya takan ƙaru, sai wani ƙarami da ya ɓuya a bayansa ya fito. Da inji ya tashi, tunda mita na hannu, kai shi wajen juyi 2000 a minti, kunna fitilu da fankar ciki, ka auna daga babban notin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, zuwa sandar tarawa, sannan daga jikinta zuwa sandar ɗebewa. Na farko kada ya wuce 0.4, na biyu 0.2, batir kuma ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5.